Kai ƙananan yara gonar da ake taɓa dabbobi: amsar likitan dabbobi

Tambayar ta zo ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a Rijiyar Zaki. Yaranta uku: babban shekararsa 7, mai bi masa mace ce 'yar shekara 4, ƙaramin kuma bai daɗe da cika biyu ba, ga ta da juna biyu na wata biyar. Makarantar su babban ta taɓa kai su wata gona a bayan gari inda ake barin yara su ba awaki abinci, su hau doki, su kalli kifi, kuma tun daga ranar ya hana kowa sakat sai an koma da ƙannensa. Maigida ya amince, surukarta kuwa ta ce ba a kai yaron da aka yaye jiya-jiya cikin dabbobi. Tana son ta san ko da haɗari, wane lokaci ya fi dacewa, kuma me za ta riƙe.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya sauke ki lafiya.

Ku je, in sha Allahu ba abin da zai faru sai alheri. Amma maganar Hajiya Babba ba ta faɗi ƙasa ba, domin a tafiyar nan mutum biyu ne abin lura: ɗan autan nan mai shekara biyu, da ke kanki. Babban da 'yar'uwarsa sha'aninsu mai sauƙi ne. Aikina duba lafiyar dabbobi ne a gonakin kewayen Kano, kuma abin da na lura shi ne iyaye idan suka shigo gona idonsu na kan ƙahon sa da ƙafar doki, alhali abin da ya fi kwantar da yara bayan irin wannan ziyara yana tafin hannun yaron ne, a kan hanyarsa ta zuwa baki. Zan daɗe a kan wannan, amma bari mu fara da gonar kanta.

Ba zan kama sunan wata gona ba, saboda gona ba ta dawwama a hali ɗaya. Wadda take tsaf bara tana iya canja mai kula bana ta koma wani abu daban. Gonakin kiwo da lambuna suna nan birjik a bakin titunan da suka fita daga gari, titin Zariya wajen Kura, titin Gwarzo bayan sabuwar Jami'ar Bayero har Janguza, titin Haɗeja wajen Gezawa, da hanyar Madobi. Kaɗan ne daga cikinsu aka tsara tun farko don karɓar iyali. Galibi gonar neman kuɗi ce, mai ita ya ga jama'a na sha'awa ya ƙara lilo da rumfa ya sa kuɗin shiga. Ba laifi ba ne, sai dai nauyin dubawa ya dawo kanki. A Gidan Zoo, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, akwai waya ko katanga tsakanin yaro da dabba, kallo kawai ake yi. A gona kuwa taɓawar ce ta kawo ku, don haka shirin ba iri ɗaya ba ne.

Kafin ku ƙona mai, maigida ya buga waya. Ya tambaya ko akwai famfo da sabulu a kusa da garken, ba can bakin masallaci ba. Ya ji inda ake zama a ci abinci, da ko tafkin kifi yana da shinge. Sannan ya yi tambayar da ba kowa ke tunawa da ita ba: a 'yan makonnin nan akwai tunkiya ko akuya ko saniya da ta haihu ko ta yi ɓari, kuma an yi mace-macen kaji? Yadda aka amsa ma amsa ce. Wanda ya san aikinsa zai ba da bayani kai tsaye, wanda ya ce "ai Alhaji ba komai, ku dai zo" ya gaya muku abin da kuke buƙatar sani.

Idan kun isa aka ce kowa ya taka wani ruwan magani a bakin ƙofa, ko aka ce ɗakin kaji ba a shiga sai dai a leƙa ta waya, kada ranki ya ɓaci. Wannan ce gonar da nake so ku samu. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ba a jima ba ta bayyana a gonakin Kano, ta kuma sake dawowa a Janairun 2015. Masu kaji da suka ga yadda ake haƙa rami a binne dubbai ba sa wasa da tafin takalmin baƙo. Gonar da ke barin kowa ya kutsa cikin kajinta ba ta kula da dukiyarta, balle ta kula da ɗanki.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, sauro ya yi sauƙi, ciyawar da maciji ke ɓuya ta kwanta. Idan ta titin Zariya kuka bi, lokacin ne noman rani ke kan ganiyarsa: ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanai zuwa Kadawa da Kura, alkama ta yi shar, kwandunan tumatir sun cika Kwanar Gafan. Wannan kallon kaɗai ya isa darasi tun kafin a sauka daga mota. Ku isa da hantsi, wajen ƙarfe tara, ku tattara kafin azahar. Ranar da aka tashi da hazo mai kauri, in akwai mai asma ko yawan tari a cikinsu, a ɗaga. Ƙurar hunturu da ƙurar harawa da ta dusa idan suka haɗu ba sa yi wa ƙirjin yaro daɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, ƙaramin yaro kuma ruwan jikinsa na saurin ƙarewa, ga ki da ciki, ni dai ban ba da shawara ba. Da damina akwai kore mai kyau, amma taɓon garke shi ne mafi ƙazantar abin da ke gona. Ku kuma kauce wa makonnin da ke gaban Babbar Sallah, lokacin da ake shigo da raguna daga kasuwanni irin su Wudil da Dambatta ana haɗa su da na gida, kowanne da abin da ya ɗebo. Awa biyu ta ishe ku. Bayan haka yara sun gaji, babba ya gaji, ido ya fara sakaci.

To, batun hannu. Dabba tana iya zama lafiya lau, tana ci tana tuƙa, gashinta na sheƙi, amma a hanjinta akwai ƙwayoyin cutar da ita ba sa damun ta, suna fita a kashinta kullum. Kashin nan ya bushe ya zama gari, yana jikin gashinta, yana kan ƙarfen shinge, yana cikin ƙasar da ake takawa. Yanzu ki dubi ɗan shekara biyu. Tsayinsa daidai ƙarfen ƙasa na shingen, wanda dabbobi ke gogar jiki da shi. Yana tafiya yana faɗuwa ya dafa ƙasa. Ya ga abu ya tsinta. Minti biyu ba sa wucewa bai sa yatsa a baki ba. Babba zai shafa akuya ya tafi da hannunsa haka har gida, shi kuwa ya riga ya haɗiye.

Uku ne suka fi ba mu aiki. Akwai wani nau'in ƙwayar Ikolai da ke zama a hanjin shanu da tumaki da awaki, 'yar kaɗan ta isa ta kama mutum, tana kawo gudawa mai jini, a wasu yaran 'yan ƙasa da shekara 5 kuma gubarta kan taɓa ƙoda. A 2009 an yi irin wannan a wata gonar shaƙatawa a kudancin Ingila: mutum 93 suka kamu, mafi yawansu yara, 17 suka samu matsalar ƙoda. Ƙasa ce mai famfo a ko'ina, kuma ba madara suka sha ba, taɓawa ce kawai. Ta biyu Salmonela, wadda ta fi yawa a jikin 'yan tsaki da 'ya'yan agwagwa da kunkuru. Shi ya sa likitocin yara ke cewa ɗan ƙasa da shekara 5 kada a damƙa masa ɗan tsako, domin abu na farko da zai yi shi ne ya kai shi fuska ya sumbace shi. Na san hoton yana da kyau. A bar wa babban, shi ma ya wanke hannu nan take. Ta ukun muna ce mata kirifto a taƙaice, tana samuwa a 'yan maruƙa masu zawo, musamman waɗanda ba su kai wata ɗaya ba. Duk maraƙin da kika ga bayansa a jiƙe, wutsiyarsa ta ɓaci, a kalle shi daga nesa.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga iyaye da ma makiyaya: ai kashin saniya ba najasa ba ne. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun ce kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, ya taɓa riga ana iya salla da ita. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan daram. Sai dai bai ce babu ƙwayar cuta a ciki ba, kuma ba a taɓa nufin ya zama dalilin ƙin wanke hannu kafin cin abinci ba.

Wankin kuma na gaske nake nufi. Zuba ruwan buta a kaɗa hannu bai wadatar ba. Sabulu, ruwa mai zuba, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce ana ƙirga ɗaya zuwa ashirin a hankali. 'Yar shekara huɗun za ta ji daɗin yin ƙirgar da kanta. Ƙaramin ke ko babansa za ku wanke masa, har wuyan hannu, a goge masa baki da haɓa. Kada a yarda da roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, na ƙarshe wanka yake yi da dattin na farko. Sanitaiza tana da amfaninta, amma ba ta aiki a hannun da ke da ƙasa, kuma kirifto ba ta jin ta sam. Saboda haka abu na farko da za ki sa a but ɗin mota shi ne jarkar ruwa daga gida da sabulu, ko da an ce akwai famfo, don kin san halin famfo. A yanke musu farce tun daren.

Abinci kuma a raba shi da garke gaba ɗaya. Su karya sosai a gida. A cikin dabbobi babu biskit, babu alawa, babu cincin, babu kofin ruwa, babu fida. In an gama zagaye, an wanke hannu, sai a shimfiɗa tabarma a inuwar da dabbobi ba sa kwanciya, a buɗe kula. Wannan yana da wata fa'ida ta biyu: akuya ba ta da kunya, da ta ga leda a hannun yaro sai garken duka ya yo kansa, kuma yawancin yaran da suka tsani gona har girmansu daga nan abin ya faro. Mangwaro ko gwaba da ta faɗo ƙasa inda ake kiwo ba a tsinta a ci.

Tsarin da nake ba kowa shi ne duk yaron da bai kai biyar ba yana da babba nasa shi kaɗai. Ke ba goyo za ki yi ba da cikin wata biyar, don haka ɗan autan na babansa ne, a kafaɗa ko a hannu duk lokacin da ake cikin dabbobi. Ki tafi da ƙanwarki ko wata babbar yarinya ta riƙe 'yar shekara huɗun. Ki faɗa wa maigida wannan tun a gida, cikin lumana, domin na san halinmu maza: da mun shiga gona mun ga raguna, sai a tsaya da mai gona ana cinikin na layya, iyali kuma Allah ya tsare.

Ke kuma, Hajiya, dokarki ɗaya ce mai ƙarfi: ki nisanci duk dabbar da ke gab da haihuwa, ko ta haihu kwanan nan, ko ta yi ɓari. Da yawa daga ƙwayoyin da ke sa tunkiya ko akuya ɓari suna iya sa mace ɓari, kuma inda suka fi taruwa shi ne ruwan haihuwa da mabiyiya da shimfiɗar da dabbar ta haihu a kai. Wasunsu ma ba sai an taɓa ba, in wurin ya bushe ana shaƙarsu a ƙura. Ɗan ragon da aka haifa shekaranjiya shi ne abin da ya fi jan hankalin kowa, shi ne kuma aka fi miƙa wa mata su riƙe a yi hoto. Ki ce na gode, ki matsa. Kada ki ba shi madara a kwalba. In da kyanwowi a rumbun abincin dabbobi, kada ki zauna ko ki dafa ƙasar wurin. Hawan doki kuwa ba sai na faɗa ba.

Za a iya yi muku karamci da madara mai ɗumi daga tatsa. Ku karɓa da godiya, ku zo da ita gida a tafasa. Ɗanyar madara ita ce babbar hanyar da bakkale ke bi ta shiga mutum, ciwon da ke zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifod ba a dace ba. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake bi. Tsami kaɗai ba ya ba da tabbaci, don haka in kindirmo ne ko nono a tambaya ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita. In ana shakka, ga yara da mai ciki a haƙura.

Yanzu ga abin da kowa ke tsoro. In yaro zai ba dabba abinci, ya buɗe tafin hannu sarai, yatsu a haɗe, abincin a tsakiya. Akuya da tunkiya da saniya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, shi ya sa ba kasafai suke ciwo ba sai in yatsa ya zurma can ciki wajen turame. Doki da jaki kuwa suna da su sama da ƙasa, kuma ba sa ganin abin da ke daidai ƙarƙashin hancinsu, yatsa da karas duk ɗaya ne a wurinsu. Ba a tsayawa a bayan doki ko jaki. Rago in ya ja da baya ya sunkuyar da kai, tunkuyi zai yi, kuma goshinsa daidai ƙirjin 'yar shekara huɗu yake; ragon da aka turke aka saba wasa da shi ya fi na garke wannan hali, don ba ya shakkar mutum. Saniya mai ɗan maraƙi ba a shiga tsakaninta da ɗanta. Farar saniyar nan Bunaji ba sai ta yi niyya ba, juya kai kawai za ta yi ta kori ƙuda, ƙahon ya sami wanda ke gefe. Dinya da talo-talo suna bin ƙananan yara da gudu, abin dariya ne ga manya, ga yaron kuwa tashin hankali ne na gaske. Jimina tana saran abu mai ƙyalli, ɗankunne ko tabarau, tana kuma shuri ta gaba. Raƙumi yana cizo, musamman namiji a lokacin sanyi. Biri a ɗaure da sarƙa, wannan ko kusa.

Hawan doki ga ɗan Kano ba sai an yi masa talla ba, ya ga hawan Sallah, ya ga 'yan kilisa. Babban zai iya hawa in mai dokin yana riƙe da linzami yana tafiya a ƙasa, taku kawai, ban da sukuwa, kuma kada a cusa ƙafarsa can cikin likkafa inda za ta maƙale in ya zame. In akwai hular kwano daidai kansa, ya sa. Ki tuna yawancin dawakanmu maza ne da ba a dandaƙe ba, in wani doki ya gifta suna iya tada hankali ba shiri. 'Yar shekara huɗun a ɗora ta babanta na riƙe da ita, a ɗauki hoto, a sauke. Ɗan autan ya jira shekarunsa.

In tsautsayi ya sa kare ko kyanwa ko biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15 cur, sannan a wuce asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Ciwon haukan kare ana riga shi ne da allura; in alamunsa suka bayyana an makara. Ki kuma duba katin rigakafinsu kafin tafiya, domin allurar tetanus na cikin waɗanda ake yi wa jarirai, gona kuma ba ta rasa tsohuwar ƙusa da waya mai tsatsa.

Abin da ya fi ƙaho ba ni tsoro shi ne ruwa. Gonaki da yawa suna da tafkin tarwaɗa, wani na siminti, wani haƙaƙƙe, ruwan kore ne ba a ganin ƙasansa. Lokacin ba kifi abinci, sa'ad da ruwan ke tafasa da su, yara sukan rasa hankalinsu su yi ta matsawa gaba. Yaro ƙarami kansa na da nauyi sosai in aka gwada da girman jikinsa, leƙawa kaɗan zai yi ya kifa, kuma nutsewar yaro ba ta da ihu ba ta da fantsama. A bakin tafki hannunsa na cikin hannun babba, ba rigarsa ba. Haka rijiyar da ba murfi. Magudanan ban ruwa na wajen Kura kuwa gefensu na da santsi, ruwan na da ƙarfi fiye da yadda ake gani. Za ku tarar da yaran ƙauye suna wanka a ciki, babban naki zai roƙa. A hana shi ko da tsoma ƙafa ne, saboda tsargiya: ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan suna sakin tsutsar da ido ba ya gani, ta huda fata ta shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, yana da magani a asibiti, in an bar shi kuma yana lalata mafitsara.

Ki sa ido kan kwalaben lemo da ke ajiye a gindin bishiya ko bakin taga, don ma'aikatan gona na yawan zuba maganin feshi da na kaska a cikinsu. Lambun da aka yi wa feshi a ranar ba a shiga. Sutura kuwa dogon wando da riga mai hannu da takalmi sau-ciki, ban da silifas, ban da kayan Sallah. Kada su ɗaga dutse ko su cusa hannu a tarin harawa, kunama na son wurin.

Na jero abubuwan tsoro da yawa, kada su sa ki fasa, domin abin da yaran za su samu yana da yawa. Akwai yara a cikin birnin nan da iyakar saninsu da madara gwangwani ne. Shawarata kada ku yi ƙoƙarin ganin komai. Ku zaɓi dabba biyu ko uku ku tsaya a kansu har yaran su fara tambaya da kansu. Ku tsaya gaban saniyar da ke kwance tana tuƙa, ki ce babban ya kalli wuyanta: zai ga ta haɗiye, ta ɗan dakata, sai wani curi ya hau maƙogwaro ya dawo baki ta ci gaba da taunawa. Yaron da ya gano wannan da idonsa ba ya mantawa. Su kalli ƙwayar idon akuya, a kwance take ba zagaye ba. Su tambayi mai kula da kaji kwana nawa kaza ke yi a kan ƙwai. 21 ne, zabuwa kusan 28, agwagwar gida 35. Su koyi bambanta tumaki: Uda mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari kamar an tsoma ta a rini, Balami fari ƙato mai dogon kunne, 'Yankasa mai ɗigon baƙi a ido da baki. In akwai gawo a gonar, ku nuna musu bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, dabbobi na rububin 'ya'yanta. In kuma da raƙumi, babban ya riga ya haddace Suratul Gashiya a Islamiyya, ki tuna masa ayar da ke cewa ba sa duba raƙumi yadda aka halicce shi, ga shi yau yana dubawa.

Ku bar makiyayin ya yi magana. Yara su gaishe shi kamar yadda za su gaida kowane babba, su tambaye shi sunayen shanunsa, domin yawancinsu suna da suna kuma suna amsawa. Ya fi ni sanin halin kowace dabba a garken, in ya ce wannan ba a taɓa ta, a ji. In za ku tafi a ɗan yi masa alheri, sau da yawa kuɗin shiga ba ya isowa gare shi.

Wanda ya ji tsoro kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya. 'Yar shekara huɗun tana iya ƙare ziyarar tana bayan zanen ƙanwarki, a mota kuma ta fi kowa labari. Ban da jan wutsiya, ban da jifa, ban da bin kaji da gudu. Ledar biskit da ta ruwa kowa ya mayar jaka, ki gaya musu dalili: akuya na cinye leda, ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi har dabbar ta rame ta mutu, mahauta na ciro ta curi-curi a mayanka. Kuma ki shirya wa tambayar da babban zai yi, ko wannan ragon ma yanka shi za a yi. Ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma shi ne ke sa a ciyar da ita da kyau a kuma tausaya mata har ranar.

A hanyar dawowa za ku iya cin karo da masu sayar da 'yan tsakin nan da aka rina ja da kore da shuɗi, yara kuma suna ɗauke da zumuɗin gona. Kada ki saya. Yawancinsu ba sa kwana nawa suke mutuwa, kafin nan kuma sun zaga tsakar gida inda ɗan auta ke wasa. Takalman da aka shiga gona da su a cire a ƙofa, a wanke tafinsu da sabulu, musamman in kina kiwon kaji ko tantabaru a gida. Kayan da suka sa a wanke su daban, kuma ba ke za ki wanke ba. A yi musu wanka, ana yi ana duba bayan kunne, cikin gashi, hammata da matsematsi ko kaska ta maƙale. In an samu, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali a miƙe, ban da kananzir, ban da wuta.

Daga nan sai ki sa ido na mako biyu, domin wasu ƙwayoyin kwana ɗaya suke yi su nuna, wasu sai sun haura mako. Gudawa mara jini, yaro na sha yana wasa, a fara da ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki, tare da ƙwayar zinki. Amma in kika ga jini a bayan gida, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ya yi fari ya yi laushi, ko fuska ta kumbura, to asibiti kai tsaye, Hasiya Bayero ko Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa da ku. Kada a tsaya kemis a sayi maganin tsayar da gudawa ko a fara kafso da ka, don a irin wannan gudawar suna iya ƙara jefa ƙoda cikin haɗari. Ke ma in kika ji zazzaɓi a 'yan makonnin da suka biyo baya, ki je wajen awo ba tare da jiran ranarki ba. Duk wanda za ku gani, ku gaya masa kun je gona, ranar kaza, kun taɓa dabba kaza, don ba lallai ya tambaya ba, kuma jin hakan na iya canja gwajin da zai rubuta.